Jini Ma Yana Riƙe Da Rajista

'Yan'uwana ɗalibai, da malamanmu, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in amayar da wata magana wadda ta ke cina tun da muka komo daga koyon aikin koyarwa bara. Maganar ta yi kama da ta likitoci, har na san wani zai ce, "Ina ruwan mai alli da ita?" To, a yi mini haƙuri in fara da laifin kaina, watakila ya zama amsa.

An tura ni wata makarantar firamare a nan cikin Jos, aka ba ni aji huɗu, yara sun fi hamsin. Cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara goma, a benci na biyu ya ke zama, mai natsuwa ne, lissafinsa kuwa ba laifi. Amma ba a gama darasi bai ɗaga hannu ba ya ce, "Malam, zan zaga." In ya komo kuma sai ya kafa baki a gorar ruwa kamar wanda ya kwana a daji. Ni kuwa sabon malami, ina so a san ina riƙe da ajina, sai na ɗauka wayo ne irin na yara. Ran nan na hana shi fita. Kafin a kaɗa ƙararrawar tara ya jiƙe wandonsa, 'yan aji suka bushe da dariya, ni kuma na sa shi durƙuso a bakin allo. Har wani abokinsa ya zo ya ce mini, "Malam, inda ya yi fitsari a bayan aji kiyashi suna taruwa." Na daka masa tsawa, na ce ya bar maganar ƙazanta. Ashe yaron nan ya faɗa mini sunan ciwon ne, ni ban gane ba.

Ina gani yana ramewa, wando yana zame masa, ga shi kuwa ba ya wasa da abinci. Bayan kamar mako biyu sai ya daina zuwa. Aka ce amai ya ke yi da ciwon ciki. A gida aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ba sauƙi. Aka koma na taifot, ba sauƙi. Sai da ya soma jan numfashi da ƙarfi, ba ya gane wanda ke kansa, sa'an nan aka ɗauke shi zuwa babban asibiti. Can aka soki yatsansa, aka ɗiga jini ɗigo ɗaya a kan wata 'yar takarda, cikin abin da bai kai minti guda ba aka san ciwon sukari ne. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Da na je gaishe shi, ban iya haɗa ido da mahaifiyarsa ba.

Tun daga ran nan na shiga tambaya da karatu, kuma abin da na samo shi na ke so in raba da ku.

Ciwon sukarin yara, galibi, dabam ya ke da wanda mu ke gani ga dattawa masu jiki. A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke yin wani ruwa mai suna insulin, wanda shi ne ke buɗe wa sukarin abinci ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Ga yaro irin nawa, jiki ne da kansa ya lalatar da wurin da ke yin insulin ɗin. Yawan shan alewa bai jawo masa ba, ba a kuma ɗaukarsa a wurin wani, ba kuwa jifa ba ne. Magani ɗaya ne, a riƙa mayar masa da insulin ta allura kowace rana muddin ransa. Kafin shekarar 1921, sa'ad da Frederick Banting da Charles Best suka tsamo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu ba ya daɗewa. Wanda aka fara yi wa allurar, cikin Janairu 1922, shi ma yaro ne ɗan shekara 14, sunansa Leonard Thompson.

Amma allura kaɗai ba ta gama aiki ba. In insulin ya yi kaɗan sukari ya hau, in ya yi yawa sukari ya faɗi, dukansu biyu kuwa suna iya kisa. Don haka tilas a riƙa aunawa. A zamanin kakanninmu da fitsari a ke yi: a zuba shi cikin wani shuɗin ruwa, a tafasa a kwalbar gwaji, in ya juya kore, ko rawaya, ko ja kamar jan bulo, a san yawan sukarin. Sai dai ƙoda ba ta fara zubar da sukari cikin fitsari sai ya wuce wajen 180 a jini, balle ta faɗa maka ya yi ƙasa. Yanzu kuwa akwai 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, a soki yatsa ta nuna lamba nan take. Abin da a ke nema ga yaro shi ne lambar ta zauna tsakanin 70 da 180 (waɗansu na'urori da wani ma'auni su ke ƙirga, a wurinsu 3.9 zuwa 10 ke nan). Iyaye su kan rubuta lambobin a littafi su kai wa likita.

To, mu malamai mun san halin littafi. Wane ne cikinmu bai taɓa karɓar aikin gida wanda aka kwafa da safe a bakin ƙofar aji ba? Yaron da ya ga in lamba ta hau fuskar babansa tana ɓaci, ba sai an koya masa ya rubuta 120 inda na'ura ta ce 300 ba. Ko da ma ba ƙarya, sukan yatsa labarin minti ɗaya ya ke bayarwa. 'Yan takardun nan kuma da tsada, tun ba bayan faɗuwar darajar naira a 2023 ba, har gidaje da yawa sau ɗaya su ke aunawa a rana, da asuba kafin karin kumallo, watau daidai lokacin da sukari ya fi kwanciya. Kamar mai duba makarantu ne ya riƙa zuwa kullum da ƙarfe takwas, yara suna layi tsaf, ya rubuta cewa makarantar ba hayaniya.

Nan ne gwajin da na ke so mu sani ya shigo, wanda a takardar asibiti za ku ga an rubuta HbA1c. Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, cikin kowace kuma akwai abin da ke ba jini jan launinsa, mai ɗaukar iska daga huhu zuwa sauran jiki, sunansa himogulobin. Sukarin da ke yawo cikin jini ya kan manne wa himogulobin kaɗan kaɗan, in kuwa ya manne ba ya saki sai ƙwayar ta mutu. Kowace jar ƙwaya tana yin wajen kwana 120 a duniya. Saboda haka in aka ɗebi jini aka duba kashi nawa cikin ɗari na himogulobin ne sukari ya manne wa, sai a san yadda sukarin ya zauna cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, dare da rana, ranar makaranta da ranar hutu. Wanda ya shiga madafa ya ɗaga kai ya dubi kunkunniyar rufi ya san yawan wutar da a ke hurawa a gidan, ko da ya tarar murhu a kashe. Haka gwajin nan ya ke. Ba ya bukatar a zo da yunwa, kuma ƙin cin tuwo daren jajibirin zuwa asibiti ba ya sauya shi. Watan ƙarshe dai ya fi nauyi a cikin lissafin, gama shi kaɗai ya kan ɗauki wajen rabi.

Wani likita Ba'iraniye, Samuel Rahbar, shi ya lura da abin a Tehran cikin 1968, sa'ad da ya ke binciken ire-iren himogulobin, ya ga wani iri da ya yi yawa a jinin masu ciwon sukari. Cikin 1976 Ronald Koenig da Anthony Cerami da abokan aikinsu a New York suka nuna za a iya bin lafiyar mai ciwon da shi. Mai lafiya lambarsa ba ta kai 5.7 ba. Ga yaro mai ciwon sukari, ƙungiyar likitocin duniya masu kula da ciwon sukarin yara, ISPAD, ta sa a nemi kada ta wuce 7, a kuma auna kowane wata uku. Lamba 7 tana nufin matsakaicin sukari wajen 154, lamba 9 wajen 212, lamba 12 kuwa kusan 300.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa tsakanin 7 da 9, ba biyu ce kawai ba? An amsa wannan da wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka bayyana sakamakonsa a 1993. Mutum 1,441 aka bi, masu irin ciwon nan na yara, daga 'yan shekara 13 zuwa 39. Rabi aka tsananta musu kulawa har lambarsu ta sauko wajen 7, rabi kuwa suka zauna wajen 9. Waɗanda aka tsananta wa, haɗarin soma lalacewar ido ya ragu musu da kashi 76 cikin 100, na jijiyoyi da kashi 60, na ƙoda ma ya ragu ƙwarai. Sukari mai yawa ba ya ciwo yau. A ɓoye ya ke cin ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙoda da ƙafa, sai yaro ya zama saurayi sa'an nan a ga ɓarnar. Amma binciken nan ya nuna wani abu kuma da bai kamata a ɓoye ba: waɗanda aka sauko da lambarsu sun fi faɗawa cikin mummunar faɗuwar sukari har wajen ninki uku. Zan komo kan wannan, gama a nan ne malami ya fi shiga.

Yanzu ga ra'ayina. Wannan lamba a jinin yaro a ke samunta, amma galibin abin da ta ke aunawa aikin manya ne. Da yarona ya cika wata shida da fara allura aka yi masa gwajin, ta fito 11. Mahaifinsa ya zo makaranta ransa a ɓace, ya ce mini, "Malam, ka sa mini ido a kansa. Ƙosai da fanke ya ke sayen ci a ɓoye, shi ya sa." Har ya riga ya zane shi a gida, kamar wanda ya faɗi jarrabawa. Muka zauna a inuwar mangwaro da littafin awon, muna bi shafi shafi. Sai ga shi daga wajen ashirin ga kowane wata lambobi suna hawa, su sauko bayan an yi albashi. Da aka tambayi mahaifiyar a hankali, ta ce in kwalbar insulin ta yi ƙasa ta kan rage allurar yamma don ta kai ƙarshen wata. Ba mugunta ba ce, dabarar uwa ce wadda ta saba jan garin tuwo ya kai. Sa'an nan akwai rabon makaranta. Yaron yana jin kunyar ya fito da na'ura gaban 'yan ajin da suka taɓa yi masa dariya, babu kuma inda zai keɓe, don haka daga bakwai da rabi na safe har a tashi ba wanda ya san inda sukarinsa ya ke. Kwana biyar cikin bakwai ke nan, a hannunmu. Da albashin uba, da kwalbar uwa, da ajin malami, duk suna cikin 11 ɗin nan. Ƙosai ma yana ciki, ban musa ba, amma shi ne ƙarami, shi kuwa aka doka dominsa.

Abin da bulalar ta koya masa kuwa shi ne ya gyara littafi. Mu da a ke koya wa halayyar yara a Kwalejin nan ya kamata mu riga kowa gane wannan. In za a tambayi yaro game da lambarsa, a tambaye shi yadda a ke tambayar mai targaɗe, "Ina ne ke maka wuya?" A nan za ka ji ashe allurar safe tana makara don a kan fita ɗiban ruwa, ko kuwa yana tsoron allura a cinya don wurin ya yi ƙulli.

Sai dai kada mu ɗauki gwajin nan kamar ba ya kuskure. Matsakaici ne, mu kuwa mun san abin da matsakaici ke ɓoyewa. Yaron da ya ci 50 da 50, da wanda ya ci 100 da sifiri, duk hamsin za ka rubuta musu a katin sakamako, amma ba ɗaya su ke ba. Haka yaro zai iya kawo lamba 7 mai kyau, alhali rabin yininsa sukari yana sama da 250, rabi kuma yana faɗuwa ƙasa da 60. Likita ya ga 7 ya yaba, ba shi da labarin abin da ke faruwa a filin motsa jiki. Malami ne ke wurin. In yaro mai allura ya soma gumi cikin sanyin hunturun Jos, hannu yana rawa, ya yi firgai-firgai, ko mai ladabi ya koma yi maka tsiwa ba dalili, ko rubutunsa ya karkace ya bar layi, to, ka zaci sukari ya faɗi. Kada ka aike shi ofis shi kaɗai, kada ka ce ya jira tara. Ka ba shi ƙwayar sukari biyu ko uku, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, nan take, ka jira minti 15, in ya dawo hayyacinsa ya ci abinci. In kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi a gefe, a garzaya asibiti. Sa'an nan ka rubuta rana da sa'a da abin da ya ke yi kafin abin ya same shi, ka ba iyayen su kai wa likita. Layi ukun nan na hannun malami suna faɗin abin da babu injin da zai karanta a cikin jini, watakila su sa a rage allurar safe ranar da a ke wasanni.

Akwai kuma wata matsala wadda ta fi shafarmu mu 'yan ƙasar nan fiye da waɗanda suka ƙago gwajin. Ku dubi sunan: harafin A da ke cikin HbA1c shi ne A ɗin da ke cikin AA da AS, wanda a ke tambayar masu shirin aure a coci da masallaci. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa a kan haifi jarirai kusan 150,000 masu sikila kowace shekara a ƙasar nan. Mai SS ba shi da himogulobin A ɗin ma sam, sai in an ƙara masa jini, jajayen ƙwayoyinsa kuma kwana 10 zuwa 20 su ke yi su fashe. Ƙwayar da ba ta daɗe ba, yaushe sukari zai manne mata? Rajista ce da a ke yage shafinta kowane mako biyu. Ga mai AS kuwa ya danganta da irin injin da ɗakin gwaji ke aiki da shi, waɗansu S ba ya ruɗa su, waɗansu yana ruɗawa. Don haka ya kamata likita ya san nau'in jinin yaro tun kafin ya dogara da lambar, uba kuma yana da iko ya tambaya cikin ladabi ko injin ya dace da mai AS.

Ba sikila kaɗai ba. Duk abin da ke gajarta ran jar ƙwaya yana sa lambar ta fito ƙasa da gaskiya: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ya fasa jini, zubar jini, ko ƙarin jini da aka yi kwanan nan, gama jinin wani ne aka auna rabi. Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe kuwa, irin wanda tsutsar ciki da rashin abinci mai kyau ke kawo wa yaranmu, ya kan sa ta fito sama da gaskiya. Ka ga yaro zai iya shan yabo a kan lambar ƙarya bayan damina, wani kuma ya sha faɗa a kan wata lambar ƙaryar. In lambar wata uku ta saɓa da littafin kullum, kada a yi saurin cewa littafin ne maƙaryaci.

Likitoci ba su rasa wata hanya ba. Sukari yana manne wa waɗansu sinadaran gina jiki da ke cikin ruwan jini, babbansu albumin, su kuwa ba ruwansu da jajayen ƙwayoyi. Gwajinsu a ke kira furuktosamin, yana ba da labarin mako biyu zuwa uku kaɗai, ya kuma dace da mai sikila ko wanda aka ƙara wa jini. Shi ma yana da nasa rauni, domin yaron da tamowa ta kama, ko mai ciwon ƙoda da ke zubar da albumin, lambarsa za ta fito ƙasa. Sa'an nan akwai wani ɗan maɓalli da a ke manna wa a dantse, yana auna sukari dare da rana har wajen mako biyu kafin a sauya, a karanta a waya. Da shi a ke lissafa sa'a nawa yaro ya yi tsakanin 70 da 180. Masana sun daidaita a 2019 cewa a nemi fiye da kashi 70 cikin 100 na yini, watau kusan sa'a 17. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma gidan da ke jan kwalbar insulin ta kai ƙarshen wata ba zancen maɓalli ya ke yi ba, ni ma ba zan ɓata muku fili a kansa ba.

Da na kawo maganar nan a ɗakin kwananmu, wani abokina ya ce, "Kai dai laifinka ke damunka. Mu malamai ne, ba nas ba. Yara nawa ne ma ke da ciwon? Ga kyanda, ga gudawa, ga zazzaɓi." Gaskiyarsa, laifina yana damuna. Gaskiya ne kuma ciwon bai kai waɗancan yawa ba, mai yiwuwa malami ya yi shekara goma bai gamu da ko ɗaya ba. Amma ina tambaya, bai gamu da shi ba ne, ko kuwa bai gane shi ba? Da yarona ya rasu a daren nan, a rajistata "zazzaɓi" zan rubuta, in rantse ban taɓa koyar da mai ciwon sukari ba. Shi kuwa a Jos ya ke, inda akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da na Jankwano, kuɗin keke kaɗai ke tsakani. Yawancinmu in mun gama ba a Jos za a ajiye mu ba. Za a watsa mu ƙauyukan Bokkos da Pankshin da Langtang da Shendam da Wase, inda malami shi ne mai karanta wa mutane takardar asibiti. Uwa za ta miƙo maka takarda mai HbA1c 12 ta ce, "Malam, me suka ce?" In ka ce ba ka sani ba, akwai mai ganye a kasuwa wanda ba ya taɓa cewa bai sani ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da na fi jin tsoro. Ni a hannun mishan na tashi, na gaskata da addu'a, ban kuwa ji kunyar faɗi ba. Amma duk wanda ya ce wa uwa ta ajiye allura don a nuna bangaskiya, ko don an ba da rubutu, ko don an jiƙa saiwa, yana wasa da ran yaro ne, gama kwana kaɗan ba insulin sun isa su mayar da shi halin da aka ɗauki yarona. A yi addu'a, a kuma yi allura. Haka zancen acca. Mu mutanen Filato muna alfahari da ita, a kan ce abincin masu sukari ce, har a ke ɗora wa yaro gwaten acca safe da yamma a hana shi kome. Acca abinci ce mai kyau, amma hatsi ce, ita ma sukari ta ke zama a jini, ba ta kuwa maye gurbin insulin. Yaro mai girma yana bukatar ya ƙoshi, da wake da ganye da ƙwai in an samu, a daidaita allura da abincin. Lamba mai kyau da aka samo ta hanyar yunwa, ma'aunin nauyi zai tona ta. Azumi kuma, na Ramadan ne ko na kafin Ista, kada yaro mai allura ya shiga sai da shawarar likitansa.

Abin da na ke roƙo wurin Shugaban Kwaleji da malamanmu na kiwon lafiya ba mai yawa ba ne. A ba mu darasi biyu kafin a tura mu koyon aiki. A gayyato likitan yara ko nas daga ɗaya cikin asibitocin garin nan, a zo da na'urar, kowane ɗalibi ya soki yatsansa sau ɗaya ya ji yadda abin ya ke, ya kuma riƙe takardar sakamako ta gaske ya karanta. In ana neman rana, ga 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, wadda ita ce ranar haihuwar Banting. A kuma sanar da mu inda iyaye marasa ƙarfi za su nemi taimako. Akwai shirin Life for a Child, wanda aka fara a Ostareliya a shekarar 2000, yana ba da insulin da kayan awo ga yara a ƙasashe da dama har da Nijeriya, likitocin yara su ne suka san hanyarsa. Mu kuma in mun karɓi aji, mu tambayi iyaye tun makon farko ko akwai mai ciwon da ya kamata mu sani, mu ajiye ƙwayar sukari a aljihun tebur kusa da alli.

Kafin in bar makarantar na roƙi Hedimasta, ya yarda yaron ya riƙa shiga ofishinsa lokacin tara ya auna, ya kuma fita zagawa ba sai ya ɗaga hannu ba. Na tsaya gaban aji na ba shi haƙuri, abin da ban taɓa ganin malami ya yi ba sa'ad da na ke yaro, kuma ban mutu ba. Wani kawunsa ya ɗauki nauyin kwalba ɗaya kowane wata. An duba nau'in jininsa, AA ne, don haka lambarsa abin dogara ce. Gwajin da ya biyo baya ya nuna 9 da ɗigo huɗu. Da sauran tafiya kafin 7, likita kuwa ya ce kada a yi gaggawa, don sau biyu sukarinsa ya faɗi a filin ƙwallo cikin zangon nan. Makon jiya na gamu da mahaifin a Taminus, ya ce wata mai zuwa za su koma, ya kuma tambaye ni ko sabon malamin ajin ya san zancen sukarin da ke aljihun tebur. Na ce masa zan biya ranar Jumma'a in duba.